Santsi a Mangazar Gyaɗa

Makon jiya aka rushe tsohuwar mangazar gyaɗa, wato ɗakin ajiyarta, da ke kan hanyar tabki. Ba wanda ya gaya mini, ban kuma ga laifin kowa ba, don ba a neman shawarar tsoho in za a ɗaga guduma. Ina zaune a ƙofar gida da hantsi na ji rugugin bango, na ɗauki sandata na bi ƙarar. Kafin in isa har an kwashe kwanon rufi, an jingine ƙyauren ƙarfe a gindin itacen bedi, wai shaguna za a jera a wurin. Samarin da ke aikin suka gaishe ni da ladabi, ɗaya daga cikinsu ya ce in ɗan ja baya kada bulo ya same ni. Na ja baya. Abin da na zo gani bai wuce daɓen simintin bakin ƙofa ba, shi ma sun riga sun farfasa shi. A cikin ɗakin nan makarantarmu ta judo ta fara, wadda yau ake alfahari da ita har Maraɗi. A kan daɓen nan kuma na yi wa mahaifina abin da na ƙarar da ƙuruciyata ina neman ya yafe mini. Na koma gida ban iya cin abincin rana ba.

Wanda ya taso a Madarumfa ta yau ba zai gane garin da nake magana a kai ba. A lokacinmu ba agogo ke tashin mutum ba. Tsuntsuwar kirinjijiya ce ke fara surutu a bakin tabki, sai kiran salla, sai luguden mata, gida ya amsa wa gida, har kana iya gane turmin wace ce daga sautinsa. Masunta su tura jirage cikin ruwa suna bugun gefen jirgi da sanda don su koro kifi cikin taru. Mu 'ya'yan masu lambu aikinmu jigo ne. Ka sunkuya, ka ɗaga, ka juye, itacen yana kuka kamar tsohon ƙyaure, har ruwa ya kai ƙarshen fangalin albasa, sannan ka toshe wannan ka buɗe na gaba. Hannu ya yi kanta, baya ya ƙage, amma ba za ka ji saurayi ya ce ya gaji ba, don abin kunya ne. Tsofaffi na zaune a inuwa suna tufkar igiya, in sun ga ka tsaya shan iska sai ɗaya ya tambaye ka ko albasar ce ta ce ta ƙoshi. Yanzu inji ke jan ruwa, ƙararsa ta kori tsuntsaye, tabkin ma ya ja da baya kamar mai fushi da mu. Samarin da ya kamata su riƙe lambu, rabi sun tsallaka Nijeriya ci-rani, rabi na zaune a bakin titi kowa ya sunkuyar da kai a kan salula. Ba zaginsu nake yi ba. Da ni ma an ba ni abin kallo a tafin hannu a shekarun nan, ban tabbata zan ja jigo ba.

Nishaɗinmu ɗaya ne, kokawa. Da an gama girbi, an ɗaure gero an kai rumbu, sai a share fage a zuba yashi, garuruwa su taru. A fagen nan mahaifina ba shi da na biyu. Ba dogo ba ne, ba kuma wani ƙato ba ne. Gajere ne mai faɗin ƙirji, ƙafafunsa kamar an dasa su. Ya yi kokawa daga Safo har Gabi, ya tsallaka iyaka ya dawo, ba a taɓa ganin gwiwarsa ko tafin hannunsa a ƙasa ba, balle bayansa. Lokacin da na zama saurayi ya daɗe da barin fage, furfura ta cika masa gemu, amma sunan na nan. In ya ratsa kasuwa sai ka ji ana nuna wa baƙo shi, ana cewa ga wanda bai taɓa faɗuwa ba. Bai mallaki komai ba sai lambu da gona da jaki ɗaya. Wannan suna shi ne dukiyarsa, yana kuma tattalinsa yadda wasu ke tattalin garke. Ko zama zai yi a tabarma, ba ya dafa ƙasa da hannu. Ni kuwa, ɗansa na fari, Allah bai ba ni ko ƙwaya daga cikin abin nan ba. Siriri ne ni, ga doguwar ƙafa, duk ɗan gajeren da ya shiga ƙarƙashina sai ya ɗaga ni. Sau uku na shiga fage, sau uku aka kwashe ni. Baba bai taɓa yi mini faɗa a kai ba, da ma ya yi. Tashi kawai yake ya kaɗe rigarsa ya bar wurin.

Ana nan sai ga Metir. Ɗan garin ne, ya yi shekaru yana aikin soja a wurare masu nisa, ya dawo da akwatin ƙarfe da wata farar riga mai kauri wadda ba ta da maɓalli. Metir ba sunansa ba ne, haka ya ce ake kiran mai koyar da wasan, mu kuma muka riƙe har sunan yanka ya ɓace. A lokacin cinikin gyaɗa ya mutu, mangazar da a da ake cika ta da buhuna har rufi ta zama gidan jemagu da awaki. Ya nemi izini aka ba shi, don ba mai so. Mu bakwai muka fara, kuma in faɗi gaskiya, dukanmu waɗanda fagen kokawa ya tofar ne. Mai ƙarfi me zai kai shi? Kwana uku muka yi muna sharar kashin awaki. Babu katifa, sai Metir ya sa muka bi gida-gida muna roƙon ɓawon gyaɗa, muka cusa a tsofaffin buhuna, muka ɗinke baki da basilla, muka jera su a tsakiyar ɗaki muka shimfiɗa tabarmi a kai. Buhunan ba su kai bango ba. Daga bakin ƙofa zuwa inda suka fara akwai taku huɗu na siminti zalla, nan muke tuɓe takalma. Rigunan wasa kuwa da buhun fulawa wani tela ya ɗinka mana, in ka juya baya ana karanta tambarin fulawar a kafaɗarka. Mu dai mun ɗauki kanmu da muhimmanci ƙwarai a cikin rigunan nan.

Mun zaci za a koya mana yadda ake kayar da mutum. Wata uku cur ba abin da Metir ya koya mana sai faɗuwa. Ka faɗi ta baya, ka manna haɓa a ƙirji, ka mari ƙasa da hannu. Ka faɗi ta dama, ka faɗi ta hagu, ka mirgina ta kafaɗa ka miƙe. Ya ce wanda bai iya faɗuwa ba, ba zai bar shi ya taɓa ɗan kowa ba. To, ka tuna garin da muke ciki. Gari ne da in gwiwarka ta gogi ƙasa a fage, 'yan mata za su sa ka a waƙa har wata kakar. Masu dawowa daga tabki sukan leƙo ta taga, su ga 'ya'yan mutane bakwai suna zubewa tim, tim, ba wanda ya taɓa su, sai su riƙe ciki don dariya. Nan da nan aka raɗa wa wurin suna, makarantar faɗuwa. Wata tsohuwa mai sayar da ƙuli-ƙuli ta taɓa tare Metir a hanya ta ce masa, in dai faɗuwa ce, ai yaran nan sun ƙware tun kafin ya zo, ya nemi wani aikin.

Labari ya kai kunnen Baba. Muna lambu, ina jan jigo yana gyara bakin fangali da fartanya, ya yi magana bai ɗago kai ba.

"An ce kana zuwa mangaza."

"Ina zuwa, Baba."

"An ce hwaɗuwa ake koya muku."

"Ita ce farkon karatun, Baba. Daga baya ne za a..."

"Wadda kake yi a hwage ba ta ishe ka ba, sai ka tahi an ƙara maka?" Ya miƙe ya dube ni. "Ni ban haihi ɗan da za ya kwanta ƙasa da kainai mutane na kallo ba. Kada in ƙara jin ka taka wurin nan."

Na ce to. Washegari na koma. Ban taɓa saɓa masa ba sai a kan wannan, kuma ba zan yi ƙarya in ce ban san abin da nake yi ba. Mangaza ce kaɗai wurin da na taɓa faɗuwa na cikinsa ba su yi mini dariya ba. Na shiga satar hanya. In yi ban-ruwa da sassafe a gurguje, da yamma in ce zan je yankan ciyawar jaki, in zagaya ta bayan lakwal, makarantar boko, in shige. Jakin nan ya rame a wannan shekara, ba kuma laifinsa ba ne.

Bayan faɗuwa aka shiga kamu da jifa, nan na gane ashe doguwar ƙafa ma tana da ranarta. Metir yana da wata ɗabi'a. Kana tsaye kana shan ruwa ko kana ɗaura ɗamara, sai ya lallaɓo ta baya ya damƙi wuyan rigarka. In ka tsaya tunani, ka sha ƙasa. So yake jiki ya riga kai: ka cafke hannun, ka ɗan durƙusa, ka shigar da ƙugu, ka juye mutum ta kan kafaɗa. Ya yi mana haka ba adadi, mu ma muka riƙa yi wa juna, har ta kai ko ƙuda ya sauka a ƙeyata sai in ji gwiwata ta lanƙwashe. A cikinmu bakwai ba wanda ya kai ni iya wannan. Na ji daɗin haka, daɗin da ban taɓa ji ba tun da aka haife ni. Wautata ta kai har ina rayawa a raina ranar da Baba zai gani da idonsa ya san ni ma na iya wani abu.

Ranar da abin ya faru, da la'asar ce, cikin bazara. Kwana biyu ina ha'incin ban-ruwa, albasa ta kwanta. Baba ya je lambu ya gani, ya wuce kai tsaye mangaza, masu dawowa daga tabki suka ga fuskarsa suka biyo shi don su ga yadda za ta ƙare. Ni ina tsaye a kan simintin bakin ƙofa, na ba ƙofar baya, ina kallon biyu daga cikinmu suna gwaji. Ban ji shigowarsa ba, don mutum ne da tafiyarsa ba ta da sauti. Hannu kawai na ji ya damƙi wuyan rigata ta baya.

Wallahi ban yi tunani ba. Jikina ya yi abin da aka koya masa. Na cafke hannun, na durƙusa, na shigar da ƙugu, na juye. Sai da nauyin ya bar bayana yana sama sannan na ji warin lakar lambu a rigarsa, na san ko wane ne. Ga kuma abin da ban taɓa gaya wa kowa ba: kafin wannan sanin, na ɗan ƙiftawar ido, daɗi na ji, don ban taɓa yin jifa mai kyau irin wannan ba. Da ɗaya daga cikinmu ne, da ya manna haɓa ya mari ƙasa ya miƙe yana zagina, ko da a kan siminti ne. Baba bai san faɗuwa ba. A ina zai san ta? Abin da ya sani shi ne kada baya ya taɓa ƙasa, sai ya murɗe jikinsa a sama yana neman ya dira da ƙafa, yadda ya saba yana saurayi. Ƙafar ba ta samu ba. Ya sauka da ƙugunsa na dama a kan siminti da dukan nauyinsa, muka ji ƙas. Hularsa ta gangara har bakin buhuna. Bai yi ƙara ba. Yana kwance rigingine, idonsa a kan rufi, ga mutane cike da ƙofa da taga, ba mai ko tari.

Wani tsohon masunci, abokin Baba tun suna yara, shi ya fara motsi. Ya shigo ya sa ƙafa ya shure 'yan ɓawon gyaɗar da suka zube a daɓen, ya ɗaga murya yadda na waje za su ji.

"Kai, wanga santsi! Ku dibi ɓawon gyaɗa ko'ina bisa siminti. Wa za ya taka wanga bai zame ba? Santsi ya kwashe shi!"

Sai na ji bakin ƙofa ya amsa. Wannan ya ce santsi ne, wancan ya ce shi ma jiya saura kaɗan ya zame a wurin, alhali bai taɓa shiga ɗakin ba. Kowa ya gani, kowa ya san abin da ya gani, amma kafin a ɗora Baba a amalanken jaki gari ya gama shawara ba tare da an zauna ba. Haka mutanenmu suke a da. In babba ya ji kunya a bainar jama'a, sai a taru a rufa masa, a kuma riƙe rufin har kabari. Ina yaba wannan hali, na kuma san ba don a cuce ni aka yi ba. Amma ni ya cuta.

Maɗori ya zo ya ja ƙafar ya ɗaure, ya ce ƙashin ƙugu ba ya ɗoruwa yadda ake so ga mai shekaru. Kwana uku na kasa shiga ɗakin Baba. Ran na huɗu da safe na shiga, na durƙusa a bakin gadon kara.

"Baba, na tuba. Ka yahe mini."

"Mi ka yi?"

"Abin da ya hwaru a mangaza."

"Santsi ya kwashe ni a mangaza. Kai ne santsin?"

"Baba, ni ne na..."

"Ka ba albasa ruwa?"

"Na ba ta."

"To in ka gama da yamma, ka koma wurin wasanku."

Na ɗago na dube shi, ban gane ba.

"Ka koma, na ce. In ka bari yanzu, mutane cewa za su yi wani abu ya hwaru. Ba abin da ya hwaru."

Haka mutumin da ya hana ni mangaza yana da lafiyarsa ya ɗaure ni a cikinta daga kan gadon jinya. Metir ya so ya rufe wurin. Ya zo duba Baba da goro a hannu, kansa a ƙasa, Baba ya karɓe shi da fara'a, ya ce ya dai riƙa sa yara suna share daɓe. Dole Metir ya fasa rufe wurin. Na tsani ɗakin nan, na tsani rigar fulawa, na tsani hannuna na dama, amma kullum la'asar ina can.

Ba a yi mako biyu ba samari suka fara zuwa. A baki kowa santsi yake cewa, amma ba santsi ya kawo su ba. 'Yan kokawa na gaske, masu damtse, waɗanda jiya suke dariya ta taga, su ne suka tuɓe takalma a bakin ƙofa suna satar kallona. Ba wanda ya taɓa tambayata komai. Sai dai in za a raba abokan gwaji kowa ni yake so, kuma kamun baya suke roƙo a fara nuna musu. Daga mu bakwai ɗaki ya cika, aka ƙaro buhuna har suka kai bango, suka rufe simintin bakin ƙofa. Aka fara zuwa daga Safo a ƙafa, daga Gabi a kan keke. Da Metir ya tsufa ido ya ƙi, ni ya miƙa wa makarantar, bai kuma ɓoye mini dalili ba, ya ce ni ake zuwa gani. Muka je gasa Maraɗi muka dawo da kofi, mushen lakwal, wato malamin, ya fara turo mana ɗalibansa, daga baya har 'yan mata iyayensu suka bari suka shigo. Duk wanda ya taya ni murna sai in ji kamar ya watsa mini ruwan zafi, don na san a kan ƙugun ubana aka gina wurin. Abu ɗaya na iya yi. Watannin faɗuwa da Metir ya sa uku, ni na mai da su huɗu, wanda ya gaji ya kama gabansa. Da yawa sun kama, suna cewa na cika taurin kai.

Baba ya yi shekara goma sha ɗaya bayan nan, da sanda, ƙafar dama ta gajarce. Ni nake ɗora shi a jaki, ni nake sauke shi, ni nake kai masa buta, ni nake riƙe shi ranar Juma'a har cikin sahu. Ya ci abin da na noma, ya nema mini aure, ya raɗa wa 'ya'yana suna. Bai ƙara ɗaga mini murya ba, wannan kuma ya fi duka ciwo. Kowace salla in an sauko idi ana neman gafarar juna, nakan durƙusa in ce ya yafe mini, sai ya ce, "Allah shi yahe mana baki ɗaya," irin amsar da ake ba maƙwabci. Na bi ta wurin Inna, mahaifiyata. Ita da ba ta kiran sunana don ni ne ɗan fari, ta ba ni amsa tana kallon cikin turmi. "In ya ce ya yahe, ya yarda an kada shi ke nan. So kake ka kada shi sau biyu?" Na je wurin limamin unguwarmu, ya saurare ni har na gama, ya ce shi dai abin da ya ji santsi ne, in ci gaba da yi wa mahaifi biyayya. Duk ƙofar da na ƙwanƙwasa, mutumin kirki ne ke bayanta, kuma ba mai buɗewa.

Yau makarantar tana da gininta na bulo kusa da filin ƙwallo, da katifun roba masu launi, da wutar lantarki, da hotuna a bango. Masu koyarwa ɗaliban ɗalibaina ne. Faɗuwa mako biyu suke yi mata, wai yaran yanzu ba su da haƙuri, in an ja su sai su gudu. Ana ɗaukar jifa a salula a aika wa duniya ta gani. Suna girmama ni, ba zan ce ba sa yi ba. A da in na leƙa sai a tsai da wasa, a jeru a sunkuya mini. Amma waɗanda suka yi rufin asirin nan duk sun mutu, na baya kuwa ba su san an yi shi ba. Da kunnena na ji wani matashin malami yana gaya wa sababbin shiga cewa tsohon nan da suke gani shi ya kayar da gwarzon da ba a taɓa kayarwa ba, wai da hannu ɗaya. Yana faɗa yana murmushi, yara suna tafi. Bai ce uban tsohon ne ba, ina jin bai ma sani ba. Na buɗe baki in gyara masa, na rasa wane gyara zan yi. In na ce ƙarya ne, na yi ƙarya. In na ce gaskiya ne, na tona abin da gari guda ya mutu yana rufewa. Na juya na fita, tun ranar ban ƙara leƙawa ba. Yanzu ma da nake faɗa, don ba sauran wanda zai ji kunya ne sai ni.

Ciwon ajalin Baba bai ja lokaci ba. Da damina ne, gero ya fara fitar da kai. Ranar da ya ji jikinsa ya saki, da hantsi, ya sa aka tara mu. Ya kira ƙannena ɗaya bayan ɗaya, kowa ya durƙusa, ya dafa kansa ya ce, "Na yahe maka duniya da lahira." Ya yafe wa Inna, ta yafe masa. Ya yafe wa maƙwabcin da suka yi shekaru suna rigimar iyakar gona. Ni aka bari ƙarshe, ko da yake ni ne babba. Na matsa har gwiwata ta taɓa gadon, na kai bakina kusa da kunnensa.

"Baba, ba mai jin mu. Daga ni sai kai. Ni na kada ka. Ka yahe mini."

Ya daɗe yana kallona. Idonsa sarai, hankalinsa bai gushe ba. Ya ɗaga hannu, na sunkuyar da kai ina jiran ya dafa, sai hannun ya wuce ya nuna su ƙannena da ke jere a bakin ƙofa.

"Ka kula da su," ya ce.

Kafin azahar ya cika.

Ran addu'ar uku wani tsoho ya ja ni gefe. Makaɗin Baba ne, wanda ya yi shekaru yana binsa fage-fage da ganga yana kaɗa masa take. Ya ce akwai maganar da ya riƙe, yanzu mai ita ya tafi.

"Kwana bakwai da hwaɗuwar nan ya aika aka kira ni. Ya ce daga yau kada in ƙara kaɗa takenai, ko biki ko suna, ko shina raye ko ya mutu. Na ce don mi? Ya ce taken cewa yake ba a taɓa kada shi ba, shi kuwa ba ya son a kaɗa mishi ƙarya."

Ashe ya faɗa. Ya faɗa da bakinsa, ga makaɗi, kwana uku bayan ya sallame ni da zancen albasa. Tun daga ranar nake juya maganar nan. Wani lokaci in ce don ni ya yi, domin ɗan da aka tabbatar ya kayar da ubansa ba mai ba shi 'ya a garin nan, ba mai binsa salla, sai ya hana ni kalma ɗaya ya bar mini mutunci. Wani lokaci kuma in ce a'a. Zai iya rufa mini asiri a gaban mutane ya kuma yafe mini a kunne, ba wanda zai ji, bai yi ba don bai yafe ba ne. Na yi masa sadaka, na yi masa addu'a, na wuce shekarun da ya mutu da su, har yau ban san wanne ne ba, kuma tsoro nake ji. Ƙannena duk sun riga ni tafiya, kowa da tasa gafarar a hannu. Ni ne babba, ni na rage, kuma haka zan je in same shi.